Ina mai son barin ƙwaya zai dosa a Jihar Kebbi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in taɓo wani ɓangare na matsalar shaye-shaye da ban cika jin ana magana a kansa ba. Wa'azi kan illar ƙwaya muna shan sa, a masallaci da rediyo da wajen ɗaurin aure. Labarin kame ma ba ya yankewa, yau an tare mota a hanyar Kamba, gobe an ƙona tabar wiwi a gaban manyan baƙi. Duk wannan aiki ne mai kyau. Amma yaron da ya riga ya faɗa ciki, ya gaji, yana son fita, ina zai dosa? Uwarsa wa za ta tambaya? A nan Argungu, ka tare yaro ɗan shekara 12 ka tambaye shi inda ake sayar da taramol, zai nuna maka lungun. Ka tare dattijo mai ilimi ka tambaye shi inda ake yi wa mai shan taramol magani, sai ya yi shiru, ko ya ce maka a kai shi gidan mari.

Ni sana'ata casar shinkafa, ina da ɗan injina a bayan gari da yara masu yi mini aiki. Ban sa sunana a wannan wasiƙa ba saboda yaron da zan ba da labarinsa yana neman aure, ka kuwa san yadda binciken aure yake a ƙasar nan.

Tun da Shugaba Buhari ya zo jihar nan a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya, noman rani ya haɓaka a fadamunmu, aikin ƙarfi ya yawaita. Dashe, yanka, bugu, shanya, dako, kusan duka jinga ake yi. Iya buhunan da ka ɗauka, iya kuɗinka. A nan ne ƙwaya take samun ƙofa. Yawancin yaran da na sani ba don maye suka fara ba, don aiki suka fara. Wani ya ce musu in ka haɗiyi guda ɗaya da shayi da safe, ba ka jin rana, ba ka jin ciwon baya, za ka yi aikin mutum biyu. A farko kuwa haka ɗin take yi. Bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu, har mutum ya wayi gari ba ƙarfin aiki yake nema ba, neman yadda zai iya tashi daga kan tabarma yake yi.

Yaron da zan ba da labarinsa ɗan yayata ne, ɗan farinta. Da mahaifinsa ya rasu ta miƙo mini shi, ya tashi a hannuna, kuma duk cikin yaran injin babu wanda ya kai shi himma. Wata rana cikin zafin bazara yana ɗauko buhun shanshera daga wajen shanya, sai muka ga buhun ya zame, shi kuma ya kife. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama jijjiga, idanu sun juye, kumfa na fita a baki. 'Yan dako suka yo kansa, wannan yana cewa iska ce, wancan ya ruga neman cokali a cusa masa a baki, wani ya ɗauko bokitin ruwa. Da muka cicciɓe shi za mu sa a mota, sai wani kati ya faɗo daga aljihunsa, saura ƙwaya biyu a jiki, an rubuta 225 a bayansa. Nas ɗin da ta karɓe mu a asibiti ta juya katin a hannunta ta ce mini, "Alhaji, wadda hukuma ta yarda a sayar da takardar likita mai 50 ce da mai 100. Wannan ta fasa-ƙwauri ce." Ita ta fara gaya mini cewa taramol in ta yi yawa a jiki tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba.

An yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, aka sallame mu da nasihar ya daina. Ya yi alkawari, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi shi. Sai dai babu wanda ya gaya mana abin da ke biyo bayan dainawa. Kafin gari ya waye ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba. Sai gumi, sai sanyi yana karkarwa cikin watan da kowa ke kwana a waje. Gudawa, amai, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya. Barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Cikin dare na same shi zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa, ya ɗago ya ce mini, "Kawu, wallahi so nikai in bari, amma jikin ya ƙiya." Bai yi mako ba ya koma. Masu cewa ai ra'ayi ne, in ya ga dama zai daina, da sun kwana a zauren nan da sun sassauta harshensu.

Aka yi zaman dangi. Baffanninsa suka ce akwai wani malami a wani ƙauye da ke tsare irin waɗannan yara, a kai shi ya yi shekara. Yayata tana daga bakin ƙofa, ita da ba ta kama sunansa saboda kunyar ɗan fari, ta ce, "Ku yi yadda kuka gani da wanga yaro, amma don Allah kada a sa mai ƙarfe." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Ina so in tsaya a kan maganar gidan mari, domin nan ne mafi yawan iyaye suke ƙarewa. Mai karatu zai tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kusan 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. Duniya ta yi Allah-wadai, aka rufe gidaje da dama. Ni ban ga laifin rufewar ba. Amma ban yarda da masu zagin iyayen yaran ba. Uban da ya ɗauki ɗansa ya kai shi can, ya kuma biya kuɗi, ba mugu ba ne. Mutum ne da ɗansa ya sayar da tukunyar uwarsa, ya zare wa ƙanwarsa wuƙa, ya duba gabas da yamma bai ga wata ƙofa ba sai wannan. An rufe waccan ƙofar, wace aka buɗe masa a madadinta? Addu'a ba mu taɓa raina ta ba, mun yi, muna kan yi, malamanmu sun taya mu. Amma ƙarfe a ƙafa ba ya cire wa mutum ƙishin ƙwaya. Na san waɗanda suka yi shekara biyu a ɗaure, ranar da aka kwance su ba su kwana ba sai da suka nemo ta. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. Doka mai kyau ce. Sai dai mutumin Gulma ko na Lailaba bai san da ita ba, abin da ya sani shi ne ɗansa na lalacewa a gabansa.

Mu Allah ya taimake mu ta hanyar wani tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, wanda yake kawo shinkafarsa casa wajena. Da ya ji halin da muke ciki ya ce mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, akwai sashen masu shaye-shaye. Da na faɗa a gida sai da aka yi tsalle. A ƙasarmu in aka ce an kai wane Kware, an gama magana, mahaukaci ne. Yaron da kansa ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba ya zuwa. Tsohon nan ne ya zo har gida ya zaunar da shi, ya yi masa bayanin cewa ƙwaya ƙwaƙwalwa take kamawa, don haka likitan ƙwaƙwalwa ne ya san maganinta, kuma zai ga ɗalibai da ma'aikata da magidanta a can masu cikakken hankali.

Daga Argungu zuwa Sakkwato wajen kilomita 100 ne, sannan ka sake hawa mota ta hanyar Illela. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda likitan ya karɓe shi. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, a ba mu wuri kaɗan." Na fita. Daga baya yaron ya gaya mini tambayoyin da aka yi masa: me kake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, da me kake haɗawa, ka taɓa yin allura, kana barci, ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka. Babu tsawa, babu "ba ka jin kunya". Ya ce tun da ya fara sha, ranar ce ta farko da ya faɗa wa wani babba gaskiyar adadin. A nan aka gano yana haɗawa da diyazafam da dare don ya samu barci, gwajin fitsari ma ya nuna. Likitan ya kira ni ya ce wannan ta biyun, in mutum ya saba da ita aka yanke masa rana ɗaya, tana iya jawo jijjiga mai hatsari, dole a riƙa rage ta a hankali ƙarƙashin kulawa. Ka ga ke nan kulle yaro a ɗaki a ce ya sha wuya ya warke yana iya zama ajalinsa.

An kwantar da shi. Farko aka ba shi magungunan da suka sauƙaƙa masa wahalar dainawa, sannan aka shiga zaman tattaunawa, wani shi kaɗai da ma'aikaci, wani tare da 'yan uwansa majinyata. Mu ma dangi an zaunar da mu. Aka ce mana cuta ce mai iya dawowa, in ya zame kada mu ɗauka magani ya ƙi, mu dawo da shi da wuri.

To amma, Malam Edita, ni na iya. Na sayar da shinkafa na biya kuɗin gado da magani da abinci da zirga-zirga. Uwar ɗan dakon da ke sayar da ƙosai fa? Mutumin Zuru ko Yauri ko Danko-Wasagu fa, da nisan hanya da halin da tsaro yake ciki a wasu yankunan? Jiha mai ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu bai kamata a ce mai neman barin ƙwaya sai ya yi sa'ar haɗuwa da tsohon nas a wajen casa kafin ya san hanya ba.

Kuma ba mutum ɗari ko dubu ake magana ba. Binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A Kebbi kashi 12.6 cikin 100 ne, wajen mutum 286,000, a maƙwabciyarmu Zamfara kuma kashi 13.5. Cikin duk masu sha biyar, ɗaya ya kai matakin da sai da magani. Ka yi lissafin da kanka ka gani ko gadajen asibiti ɗaya ko biyu za su ɗauke mu. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Najeriya ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba. Saboda haka ba na roƙon a kawo wa kowane gari ƙwararren likita, na san babu su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara su iya gane matsalar shaye-shaye, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. Roƙona ga Gwamna Nasir Idris da Ma'aikatar Lafiya shi ne a horar da irin waɗannan, a ware rana guda a mako a manyan asibitocin Argungu da Yauri da Zuru da Jega da Kamba, a sanar a rediyo cewa ranar kaza mai son barin ƙwaya ya zo a gan shi cikin sirri. Hukumar KECHEMA mai kula da asusun lafiya na jiha ita ma ta dubi yadda talaka zai samu rangwame a wannan jinya.

Binciken nan ya ce cikin duk masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Wannan bai ba maiɗakina mamaki ba ko kaɗan. Ita ke shiga gidajen biki da suna, ta ga yadda ake juye maganin tari cikin robar lemo ana kurɓa a ƙuryar ɗaki. Gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, abin da ya canza shi ne kuɗinsa ya tashi, wasu kuma suka koma ƙwayoyin roci da ekzol. Akwai kuma waɗanda allurar kashe ciwo ta fenta (pentazocine) ta kama, wasu ma a wajen jinyar sikila ko bayan tiyata suka fara. Da labarin yaronmu ya ɗan fita, wata matar aure ta zo wajen maiɗakina bayan magariba, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce wai ƙawarta ce ke tambaya, ko ana iya samun maganin ba tare da an kwantar da mutum ba. Namiji in ya tafi Kware a ce ya yi tafiya ci-rani. Mace da wace hujja za ta bar ɗakinta wata guda? In miji ya ji, abin da take tsoro takardar saki ce da raba ta da 'ya'yanta. In ana so mata su fito, sai an sa ma'aikaciya mace mai horo a inda mata suka saba zuwa, wajen awo da rigakafin yara, yadda za ta shiga ta fito ba wanda ya san abin da ya kawo ta.

Game da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mutane da yawa ba su san cewa bayan kame tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye ba. Tun 2022, a ƙarƙashin Janar Buba Marwa, ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, dare da rana, ana kuma amsawa da Hausa. Na gaya wa yaran injina wannan lamba, ɗaya ya ce, "Alhaji, in kira su da bakina su zo su kama ni?" Wannan tsoron shi ne katangar. Ya kamata shugaban hukumar na jiha ya shiga gidan rediyo ya faɗa da bakinsa, da Hausar da kowa zai gane, abin da ke faruwa da wanda ya kai kansa ko iyayensa suka kai shi, da bambancinsa da dillali.

Inda aka fi barinmu mu kaɗai shi ne bayan sallama. Yaro ya dawo fes, ya yi ƙiba, ya koma sallah cikin jam'i. Amma majalisar da ya bari tana nan, mai sayarwa yana nan, har kyauta zai ba shi ta farko don ya dawo da ciniki. Mutanen kirki kuwa suna ja da baya, ba mai ba shi ajiya, in abu ya ɓace shi ake fara kallo. Namu ya zame sau ɗaya, lokacin kaka da aiki ya yi yawa. Wasu dangi suka ce ai dama mun faɗa, asarar kuɗi kawai aka yi. Na ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muka koma wajen likita, bai ma buƙaci kwanciya ba a wannan karon. Da muka dawo na cire shi daga ɗaukar buhu na mayar da shi kan sikeli da rubuta lissafi, domin aikin da ya kai shi ga ƙwaya ba zai zama shi ne zai raba shi da ita ba. Ina kira ga 'yan uwana masu injina da manyan manoma, in yaronka ya dawo daga jinya kada ka kore shi, ka sauya masa aiki.

Yanzu shi da wasu samari biyu da suka bi irin hanyarsa sukan zauna a rumfar injin daren Juma'a bayan isha'i, su dafa shayi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Limamin unguwarmu yakan leƙo wani lokaci, ba wa'azi yake musu ba, zama yake yi ya saurara. Ba wanda ya koya musu, kuma na ga amfaninsa ƙwarai. Irin wannan zama ba ya cin kasafin kuɗi. In Masarautar Argungu da ta Gwandu da Yauri da Zuru suka umarci hakimai da masu unguwanni su ba da zaure, aka haɗa su da ma'aikacin lafiya guda da zai riƙa leƙawa, za a samu a kowace gunduma. Su ma limamai da 'yan Hisbah da masu unguwanni, tunda wajensu iyaye ke fara kai kuka, a ba kowannensu takarda ɗaya mai ɗauke da inda za a tura mutum.

Kafin a kai ga haka, ga abin da ma'aikatan lafiya suka koya mini, ina so kowane gida ya sani. In mai shan ƙwaya ya faɗi yana jijjiga, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa rauni, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In kuma an same shi ya yi nauyin barci ba ya tashi, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya canza launi, kada a ɗura masa madara ko manja, yana iya shaƙewa. A garzaya asibiti, a tafi da katin ko kwalbar abin da ya sha, a kuma faɗa wa likita gaskiya.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, Malam Edita. Ka tura wakilinka na Birnin Kebbi ya zagaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Sir Yahaya da na Kalgo da ofishin NDLEA, ya leƙa Kware, ya tambayo mana dalla-dalla: wa ke duba masu shaye-shaye, wace rana, nawa ne kuɗin kati, nawa ne na gado, akwai ɓangaren mata ko babu. Ku buga shi da Hausa, ku riƙa sabunta shi. Ni zan sa a buga mini kwafi in liƙa a ƙofar injina, in kuma kai wa mai unguwarmu da liman nasu.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya shirya mana zuri'a.

Naka,
Wani mai injin casar shinkafa,
Argungu, Jihar Kebbi.